Gafakokin Malam Haliru da Fom ɗin Kwamiti

Zuwa ga Shugaban Sashen Tarihi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ne ɗalibin nan naka na digiri na biyu, malamin makaranta daga Tambuwal, wanda kwamiti ya dawo wa da takardar tsarin bincikensa har sau biyu. Na zo ofis sau uku ban same ka ba, shi ya sa na biyo ta jarida. A yi mini afuwa.

1. Kundina a kan littattafan hannu ne na gidan Malam Haliru da ke Fakku, ƙasar Kebbe, waɗanda kakanninsa suka rubuta kan iyakar gona da burtali. Kwamiti bai ƙi batun ba. Fom ne ya ce sai na jera sunan kowane littafi da yawan warƙoƙinsa, in haɗo da hoton shafin farko. An gaya mini an taɓa yin ɗalibin da ya jera littattafan da babu su a duniya. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Ban ga laifinku ba.

2. Amma ranka ya daɗe, a gidan Malam ba a buɗe gafaka don ƙirga. Sai ka durƙusa ka karanta littafi a gabansa layi-layi har ka sauke, kafin ya yarda ka kwafa. Haka mahaifinsa ya yi da shi. Kowace Asabar nakan hau babur in tafi, kuma a shekara guda littattafai uku kacal na sauke. Da aka dawo mini da takarda karon farko, na yi wautar da har yau nake jin kunyarta: na kai masa fom ɗin, na ce ya taimaka mu ƙirga. Bai yi faɗa ba. Ya dai tambaye ni ko awon gero na zo, ya mayar da gafakar ya rataye. Sai da na yi wata guda ina zuwa gaisuwa kawai kafin ya sake buɗe mini ita.

3. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai. Littattafan ba ɗinkakku ba ne, kuma gara ta cinye gefen da ake rubuta kalmar da ke nuna warƙar gaba. Malam kaɗai ya san wacce ke bin wacce. 'Ya'yansa biyu suna Sakkwato, tun da arzikin man fetur ya zo kwangila ta ɗauke su. Shi kuma yanar ido ta rufe masa gani. Makon jiya na tsaya inda takarda ta ƙare, ya ƙarasa jimlar da ka, ya ce in duba sauran a wata gafakar. Na duba, warƙar tana nan kuwa.

Roƙona biyu ne. A karɓi tsarina da littattafai ukun da na sauke, sauran in cike su a hankali, don ma'aikatar ilimi ba za ta sake ni in tare a Fakku ba sai da amincewarku. In ana shakka, a turo malami guda mu je tare ya gani da idonsa.

An ce kwamiti ba zai sake zama ba sai bayan damina, da damina kuma hanyar Fakku yankewa take yi. Ina tsoron zuwa lokacin zan iya kawo muku fom a cike, kowace warƙa a ƙirge, amma babu mai gaya mini wacce ce ta farko.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya dafa maka a kan nauyin da ka ɗauka. Shi kuma Malam, Allah ya ara mana shi.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Umaru, daga Tambuwal