Zan Bar Ki a Challawa, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗa ga uwarsa, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwancinki, Ya haskaka shi, Ya sa kina cikin ni'ima. Ni ne ɗanki Garba. Na san ba mai kai miki wannan takarda, amma maganar ta cika min ciki, kuma ke kaɗai na saba kawo wa irinta.

Inna, tsoro nake ji. Gara in faɗa tun daga farko, tunda ko na ɓoye kina gane ni daga yadda nake cire takalmi a ƙofar ɗaki.

'Yarmu ba ta da lafiya. Ba ki san ta ba, bayan rasuwarki matata Rabi ta haife ta, na sa mata sunanki. Ba mai kama sunan nan a gidan, Inna ƙarama muke ce mata. Wallahi da kin gan ta sai kin yi dariya. Hannu a ƙugu take tafiya, in ta yi fushi ta tura baki ta juya mana baya, sak ke ranar da akuyar maƙwabta ta shiga miki shanya.

Kin tuna rijiyarmu ta tsakar gida, wadda kike cika baki da ita? In baƙo ya sha ya yaba, sai ki ce, "Ai ruwan nan zamzam kaɗai ya fi shi." To Inna, ruwan nan ya lalace. In aka zuba a randa ya kwanta, sai ki ga maiƙo a samansa, wani kore-kore, ga ɗanɗanon ƙarfe a harshe. Rafin da kike wanki kuwa, launin da masaƙa ta rina ranar shi yake ɗaukowa, yau ja, gobe shuɗi. Yara har tsayawa suke a bakin gaɓa suna musun wane launi zai zo. Kifi ya daina zama a ciki.

Ranar da aka ɗauke ni aiki a kamfanin jima, na shigo da kakina ina taƙama. Kika toshe hanci da bakin zane kika ce, "Wannan yaron, aikin ne yake wari haka ko kai ne?" Muka yi ta dariya. Yanzu warin nan ya cika garinmu Challawa duka, har a tuwo ana jin sa, kuma ba mai dariya.

Da ƙuraje abin ya fara wa Inna ƙarama. Sai gudawa, sai numfashi ya riƙa yi mata shaƙe-shaƙe kamar an daka barkono a ɗaki. Ɗan Malam Idi maƙwabcinmu haka ya fara, kuma da hannuna na taya saka shi a ƙasa. Likita a asibitin birni bai yi min kwana-kwana ba, ya ce magani zai bayar, amma muddin tana shan ruwan nan tana shaƙar iskar nan, aikin banza muke. Mun koma sayen ruwan 'yan garuwa, to su ma ina suke ɗebowa? Iska kuma ba a sayar da ita a garwa.

Za ki ce in koma da su cikin birni mana. Da me, Inna? An rage ma'aikata, kayan aiki sun daina zuwa daga waje, kuma sunana yana cikin waɗanda aka sallama. Na taka Sharaɗa, na taka Bompai har Dakata, ƙafata ta yi kanta. Kowace ƙofa allo ne a rataye: babu aiki. Masu gadi ma sun gaji da ba mu haƙuri, da hannu kawai suke korar mu. Gonarmu kuwa kin san tun kina raye katangar kamfani ta haɗiye ta.

Ƙofa ɗaya ce ta buɗe. Kin tuna Bitrus, abokin aikina mutumin Filato, wanda kike ajiye wa ƙanzo kina ce masa Dogo? An sallame mu tare, ya koma gida. Ya aiko min cewa wansa yana da wajen ɗinkin takalma a Jos, suna neman wanda ya san fata, har ɗaki ya samar mana kusa da masallaci. Ya ce ruwansu daga dutse yake fitowa.

Jos, Inna! Ni da ban taɓa kwana a wajen ƙasar Kano ba. Ban san sanyinsu ba, ban san halinsu ba, ban san wanda zai tsaya min ba in wani abu ya taso. A nan in na yi tari, gida goma sun san tarin Garba ne. A can ni wane ne?

Kuma maganarki tana kunnena. Lokacin da Kawu Sale ya rasu a Ikko, sai da aka yi sadakar bakwai labari ya iso mana, har yau ba wanda ya san inda aka sa shi. Kika kama hannuna a bakin murhu, idonki ya yi ja, kika ce, "Kada ka yarda a binne ka inda ba a san sunan ubanka ba." Na ce to. Ban taɓa ce miki to na saɓa ba.

Ga kuma kabarinki. Ni kaɗai na san shi. Wuyan tulunki da ya fashe na kafa a wajen kai, duk ƙarshen damina nake zuwa da fatanya in ƙara ƙasa, in cire ƙaya. 'Yan uwana mata ne, ba sa shiga maƙabarta. Yanzu manyan motoci sun fara yanke hanya ta gefen gabas, kwatar kamfani kuma tana cin bakin wajen a hankali. In na tafi, damina kaɗan za a yi wajen ya baje, ya zama ba wanda zai iya nuna wa jikokinki ya ce ga Inna nan. Wannan shi ya riƙe min ƙafa, Rabi tana kuka tana roƙo, ni ina cewa a bari mu gani.

Sai ranar Talatar nan. Da hantsi ne, ina gyaran keke a zaure, yarinyar tana wasa da gwangwani a gindin rijiya. Na ji shiru ya yi yawa. Na kira, Inna. Ba amsa. Na sake kira da ƙarfi, Inna! Na leƙo na gan ta kwance rub da ciki, leɓenta ya yi baƙi. Ban san sanda na jefar da sifana ba. Na ɗauke ta ina girgizawa ina kiran sunan nan, kuma wallahi muryata ita ce dai muryar da na kira ki da ita ranar da kika daina amsawa. Rabi ta yayyafa mata ruwa, Malam Idi ya shigo da gudu ba hula. Da ƙyar ta ja numfashi, ta buɗe ido, ta tura baki don an jiƙa mata riga.

Tun ranar ba na yin nisa da ita. In tana barcin rana sai in sa yatsa a ƙarƙashin hancinta. Sau ɗaya na kira sunan nan aka yi min shiru na har abada, ranar rasuwarki, na ɗanɗana. Ba zan iya na biyu ba.

Muka kai ta asibiti, a hanyar dawowa na tuna wani abu. Ina ƙarami, ƙyanda ta kama ni ana tsakiyar girbi, tsuntsaye sun sauka wa geronmu. Kika goya ni kika kama hanyar birni a ƙasa. Baba yana ƙwala miki kira, wa zai tsare gonar? Ba ki ko waiwayo ba kika ce, "Gonar ba inda za ta. Yaron ne nake tsoron ya tafi." Shekarar nan dawar aro muka ci, ban taɓa jin kin yi da-na-sani ba.

Don haka Inna, zan tafi. Na ce wa Bitrus muna zuwa a motar ranar Asabar. Ba don tsoron ya sake ni ba, yana nan daram. Wataƙila a can ajalina yake, wataƙila baƙi ne za su yi min wanka. Na saɓa miki magana ɗaya, ki yafe min.

Jiya bayan la'asar na je wajenki. Na ƙara ƙasa fiye da kullum, na dasa reshen aduruku kusa da wuyan tulun, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Na kai Malam Idi na nuna masa, ya ce in ya zo wajen ɗansa zai riƙa duba ki. Ban sani ba ko reshen zai kama, ruwan rijiyarmu na zuba masa, shi kaɗai ne da ni.

Inna tawa, ke ba inda za ki. Ko ƙasa ta baje, ko na kasa gane wajen, Allah bai ɓata ki ba. Yarinyar ce nake tsoron ta tafi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya ba mai sunanki lafiya, Ya raya ta ta tsufa har ta yi faɗa da akuyar maƙwabta. Ya sa duk sanda na kira Inna a garin mutane, in ji an amsa. Amin.

Ni ne ɗanki na fari, wanda ba kya kama sunansa,
Garba