Inna Ta Ce Da Sauƙi

Yamai, ranar Talata

Zuwa ga matata Bibata, mai jego, mai cinye kaza ita kaɗai,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yar baƙuwarmu mai kumatu. Yaya ruwan zafi? Yaya Baba da sauran mutanen Goteye? Ni dai lafiyata ƙalau, in ban da bakina da ya kusa yin tsami don rashin amfani.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Sumana direba. Kin san waya guda ce a gidanku, tana aljihun Baba, kuma saboda nauyin kunnensa sai ya buɗe muryarta har masu wanki a bakin kogi su ji. Abin da zan gaya miki ba na masu wanki ba ne. Tare muka sha bulalar Malam, na san ajamina ba zai gagare ki ba, ko da yake kin ce ya yi kama da sawun kaza.

Mun iso asibiti lafiya. Katifa muka shimfiɗa wa Inna a bayan mota. Duk ramin da muka faɗa sai in ga ta damƙe bakin zanenta har jijiyoyin hannunta su tashi, amma ko uhum ba ta ce ba.

Bibata, ki tausaya wa mijinki. Da yayyenki ba su tafi ci-rani Kwatano ba, wa zai haɗa ni da wannan aiki? Ni Bonkano, wanda ya sa wa ladan kwaɗo a buta, yau ni ne mai jinyar surukata. Ba na kallon idonta, ba na tauna komai a gabanta. In zan ci kopto sai na zaga bayan katanga, ina cusa zogale kamar ɓarawo. Hirarmu duka ba ta wuce "Inna, an tashi lafiya?" ta ce lafiya lau, "Yaya jiki?" ta ce da sauƙi. Madam Haisa, mai kula da ɗakin mata, har tambayar Inna ta yi ko yaron nata bebe ne. Ni fa!

Likita Hamani ya ɗauki hoton bayanta ya nuna mini. Ashe ƙashin baya jere yake kamar tubali, wani kan wani. Na Inna guda uku sun lotse kamar masar da aka taka. Ya ce in mace ta manyanta ƙashinta yakan rarake ta ciki, kamar itacen da gara ta ci, har atishawa mai ƙarfi tana iya karya shi. Ki sake karanta wannan wurin. Na san tun ranar da ta sunkuya za ta sauke tukunyar wankanki ta kasa miƙewa kike cewa ke ce sanadi. Ba ke ba ce. Da ba tukunyar ba, da guga ne ko taɓarya.

Ya ce akwai magani, kuma ba yanka za a yi ba. Allura ce mai kaurin alƙalamin kara, a soka ta cikin ƙashin da ya karye, ana kallon tafiyarta a allon hoto. Sai a tura wani irin siminti na ƙashi, mai laushi kamar ƙullu, ya daskare a ciki ya riƙe tsagar, ta daina motsi. Wasu ma a ranar suke tashi. Wasa iri-iri ya zo mini baki da na ji siminti, na haɗiye duka saboda Inna tana wurin. Har yanzu suna tokare da ƙirjina.

To ga inda gizo ke saƙar. Ya ce cikin ukun wasu tsofaffi ne, sun daɗe da warkewa da kansu. Yana da wanda yake zargi, amma sai ta nuna masa inda ciwon yake. Ya bi bayanta yana ƙwanƙwasawa da yatsa.

"Inna, nan fa?"

"Da sauƙi."

"Nan kuma?"

"Alhamdu lillahi."

Gumi yana tsiyaya a goshinta, amma da sauƙi. Ya ce, "Inna, ni ba hoto nake yi wa magani ba. Allura a ƙashin baya ba abin wasa ba ce. In babu ciwo mai tsanani, ƙwaya zan ba ki ki koma gida." Ta ce Allah ya yi masa albarka.

Na bi shi waje na ce, "Likita, wallahi matar nan ko juyi ba ta iya yi, a kwance take salla." Ya ce, "Na yarda da kai, amma bayanta ne, ba naka ba. Zan dawo ranar Alhamis. In ta sake ce mini da sauƙi, zan sallame ku."

Kin san abin da komawa gida ke nufi. Haka gwaggonki Gambina ta kwanta da bayanta a kan tabarma, tana cewa da sauƙi, har aka fitar da ita a makara. Inna kuwa ko rungumar jikarta ba ta yi ba tukuna.

Ki ci abinci, ki sha kunu, kada ki yi kuka nono ya gudu. Ki ja mini kumatun 'yar nan, a hankali. Ki gai da Baba da ƙarfi.

Naki har kullum,
Bonkano

*

Yamai, ranar Alhamis

Bibata,

Sallama da fatan alheri gare ki da 'yar baƙuwa. Ina fatan Baba yana lafiya, kuma ba ya kusa da ke yanzu. In yana kusa, ki shiga ɗaki.

Na yi ɓarna.

Jiya Madam Haisa ta zauna ta lallashi Inna, mace da mace. Ta ce, "Haba Inna, ciwo ba abin kunya ba ne, ki faɗa a taimake ki." Inna ta ce, "'Yar nan, wanda ya ba da ciwo ya san inda ya ajiye shi." Tsohuwar da ke gadon kusa ma ta sa baki, ta ce ita da ihu ne zai sa a yi mata magani, da har ƙetaren gada sai an ji ta. Inna ta yi murmushi kawai.

Yau da hantsi likita ya dawo. Aka juya ta gefe, ya sake bin bayan. Da sauƙi, da sauƙi, da sauƙi. Na ga ya rufe alƙalaminsa zai sa a aljihu. A nan na tuna wani abu da na lura da shi: in tari ya zo wa Inna, danne shi take yi har idonta ya kawo ruwa, don duk abin da ya girgiza ƙirji yana taɓa wurin. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina.

Na naɗe tabarmar salla na kafa ta tsakanin ƙafafuna, na tattare riga, na zama Baba zai hau jakinsa. Na yi bisimilla, na ɗaga ƙafa, jakin ya matsa. Na sake bisimilla da ƙarfi, ya sake matsawa. Na kama ƙugu na ce da muryar Baba, "Kai, ɗan banza, ni sa'anka ne? Da kakarka ma na je Tera na dawo!"

Inna ta ja mayafi ta toshe baki. Kafaɗunta suka fara rawa. Sai dariyar ta ƙwace, ita kuma ba ta kai ƙarshe ba ta koma ƙara. "Wayyo Allah, bayana!" Hannunta ya tafi wurin da kansa. Likita ya danna daidai nan, ta ce, "Nan ne, ɗan nan, nan ne! Kamar ana juya wuƙa!" Daga nan bakin ya buɗe. Ta gaya masa ba ta barci, ba ta iya zama, ta rage cin abinci don kada a yi ta ɗaga ta zuwa bayan gida. Ya zana alama a wurin, ya ce na tsakiyar ne, wanda yake zargi.

Ya yi mata bayani bai ɓoye komai ba. Ya ce wani lokaci simintin yakan zurara ya taɓa jijiya, ba kasafai ba, amma yana faruwa. Shi ya sa ba za a sa ta barci ba, wurin kawai za a kashe, in ta ji wani abu ya sauka ƙafarta ta faɗa nan take. Ta ce, "Tunda an riga an tone ni, me ya rage? Ku yi." Gobe Juma'a da safe za a shiga da ita.

Tun daga lokacin ta juya wa bango fuska. Na kawo fura, ta ce wa Madam Haisa, "Ki ce wa mijin Bibata ya ajiye a nan." Ina tsaye fa, tsakanina da ita bai fi taku ba.

Ba ta yi laifi ba. Na kwaikwayi mijinta a gaban baƙi, na sa ta kuka a gaban maza. Na sha sa mutane dariya har su faɗi, ban taɓa yi da niyyar ta yi wa mutum zafi ba sai yau. Ƙarar nan tana cikin kunnena har yanzu. In kuma gobe wani abu ya sami ƙafarta, ni na tura ta. Ban san da wane ido zan dube ki ba.

Ki yi mata addu'a, ki sa a yi sadakar masa. In labari ya kai wa Baba ya ce a raba mu, ki ce ba ki ji ba, kunnensa kika gada.

Mijinki mai laifi,
Bonkano

*

Yamai, ranar Asabar

Zuwa ga Bibata, hasken gidana,

Sallama, da gaisuwa wadda ta fi ta kullum. Yaya ke, yaya mai kumatu, yaya Baba? Ajiye yarinyar tukuna kada ki yar da ita.

Inna ta tashi. Da ƙafafunta.

Jiya da aka shiga da ita na zauna a bakin ƙofa na karanta duk abin da ya rage a kaina. Da Malam ya ji ni da ya ce ashe bulalarsa ba ta faɗi banza ba. Madam Haisa ce ta ba ni labarin ciki. Ta ce an kwantar da ita ruf da ciki, kuma matar da ta ƙi magana ta dinga surutu har sai da aka roƙe ta ta huta. "Wannan ya yi sanyi. Ɗan nan, kana danna ni. Ƙafata lafiya, ka ci gaba da aikinka." Likita ya ce bai taɓa samun mai ba da rahoto kamarta ba. Simintin ya zauna inda aka sa shi, bai zurara ba.

Da aka fito da ita, abin da ke bayanta ɗigo biyu ne kamar cizon sauro, an manna musu filasta. Aka ce ta kwanta rigingine kada ta motsa. Bayan azahar suka ɗaga ta zaune. Na ga ta runtse ido tana jiran wuƙar. Ta jira, ta jira, wuƙa ba ta zo ba. Ta sauke ƙafa ɗaya, ta sauke ɗayar, ta kama kafaɗar Madam Haisa, ta taka har bakin ƙofa ta dawo. Tsohuwar gadon kusa ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na fita bayan katangar koptona, abin da na yi a can ba ruwanki.

Akwai sauran tsami a wurin, an ce zai tafi. Ga dokokin likita, ki riƙe, don ita na san za ta manta da gangan. Kada ta ɗauki abin da ya fi buta nauyi. Ta sha maganin ƙarfafa ƙashi, don sauran tubalan ma gara ta taɓa su. Jika a ɗora mata a cinya tana zaune, goyo sai nan gaba. Tukunyar wankanki kuwa ta zama tawa, mazan Goteye su yi ta dariya.

Duk wannan ba ta ce mini uffan ba, sai yau da safe. Tana zaune a bakin gado, ta gama sallar walaha a zaune, ta ce, "Mijin Bibata, turo ƙofar nan." Na turo, na durƙusa.

Ta ce, "Ka san abin da ya sa na yi shiru? In na yi kuka, gari zai ce wankan Bibata ne ya karya uwarta. Yarinya da ɗanyen jiki, ta ji wannan, ina nono zai tsaya? Na ce gara in kwanta da abina. Kai kuma ka zo ka fasa mini tulu a tsakiyar kasuwa."

Na ce, "Inna, na tuba."

"Ba ka da kunya."

"Haka ne, Inna."

"Ko kaɗan."

"Ko ƙwayar gero, Inna."

Har na fara tunanin inda zan kai kayana. Sai ta ce, "Kuma ba ka iya ba. Shi ba ƙugu yake kamawa ba, gemu yake kamawa. Kuma kafin ya zagi jakin sai ya waiga ya ga ko ina kallo." Bibata, ta kama haɓarta, ta waiga, ta yi muryar Baba. Wallahi ni almajirinta ne a wannan fanni. Tun kafin a haife mu take kallon abin nan, ba ta da wanda za ta nuna wa.

Ta ce, "Tashi ka sake. Ran nan rabin dariyar na yi aka katse ni."

Na naɗe tabarma na sake, da gyaran da ta yi mini. Ta yi dariya har da hawaye. Ina kallo hannunta ya tafi baya yana neman ciwon, bai same shi ba, sai ta ƙara sakin wata. Madam Haisa ta leƙo ta ce, "Au, beben ne?"

Jibi Litinin za mu taho da Sumana. Inna ta ce ba ta son katifa, gidan gaba za ta zauna, kuma kada kowa ya karɓi yarinyar nan kafin ita. Ki yi mata wanka ki sa mata kwalli.

Roƙo ɗaya nake yi miki. Ki yi duk dabarar da za ki yi, kada Baba ya zo tarbarmu tasha a kan jaki. Ni da Inna ba za mu iya ba.

Ki huta lafiya. Naki, mai ɗaukar tukunya,
Bonkano