Ranar da Suka Kawo Inna

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna, ya yara, ya kuma fama da mijin nan naki mai jin labari a rediyo ya ƙara masa gishiri? Ni lafiya lau, in ban da kuɗin cizo da suka mai da ni gonarsu. Lauyata ce za ta fito da wannan takarda, don haka zan faɗi abin da ke raina.

Tun da suka kulle ni kan rubutun da na yi game da gadar da ta rufta da matan kasuwa, buƙatarsu ɗaya ce: in zauna gaban kyamara in ce ƙarya na shara, in nemi afuwa, su buɗe mini ƙofa. Sun gwada yunwa, sun gwada ɗakin duhu, sun gwada lallashi har da shayi a kofin tangaran. Na shanye shayin, na ce a'a.

Yanzu shugaban gidan yarin ya gano lagona. Ya ce zai aika mota a ɗauko Inna ta ba ni umarni da bakinta. Yaya, kin san ni. Gwamnati zan iya kallon tsabar idonta, amma ban taɓa musa wa Inna ba, kuma ba zan fara da furfura a gemu ba. Idan ta ce in ƙaryata kaina zan yi, daga nan kuma ni da rubutu mun raba gari. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Don Allah ki hana ta zuwa. Ki ce ciwon ƙafar ne ya tashi, ai ba ƙarya kika yi ba.

Ki gaida mutan gida duka.

Ƙaninki,
Auta

Yayata,

Ina fata kuna lafiya, Inna kuma ta huce gajiyar hanya. Na san kin yi iya yinki, amma wa ya isa ya tare ta in ta yafa mayafi?

Sun zaunar da ita a ofishin shugaban, kan kujera mai laushi, an kafa kyamara. Ta shafa fuskata ta ce na rame. Shugaban ya yi ta zuba, Mama kaza, Mama kaza. Sai ta ce ita ba ta yanke hukunci kan abin da ba ta ji ba, idonta kuma ya yi rauni, a karanta mata. Haka nan bawan Allah ya zaro rubutuna daga fayil ya karanta da bakinsa, gandirebobi na tsaye suna saurare. Ban taɓa samun mai karatu mai murya irin tasa ba.

Da ya gama, ta ce lallai na yi laifi. Nan take shugaban ya yi wa mai kyamara alama. Laifin, in ji ta, shi ne na rubuta wasu mata sun mutu, kamar ba uwa ce ta haife su ba. Ta shiga kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowacce ke sayarwa, da marayun da ta bari. Kin san shekara da shekaru ta yi zaman rumfa da su. Aka kashe kyamara, ba ta daina ba. Umarninta shi ne in gyara rubutun in sa sunayen, in ba haka ba, ba ta yafe ba.

Gobe za su mai da ni wani gidan yari mai nisa, ba ziyara. Na ga yadda take sauka a matakala, Yaya, na kuma san wataƙila ganin ƙarshe ke nan. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Ki riƙe mini ita da kyau.

Alƙalami dai sun ƙwace, wannan ma da na lauyata nake rubutawa, amma ki gaya wa Inna na fara gyaran. Yau da safe da aka kira lambata a layin ƙidaya, da sunan marigayiya mai sayar da tabarmi na amsa. Na sha kulki. Gobe mai tukwane ce.

Allah ya sada mu da alheri.

Naki har kullum,
Autan Inna