Nene Ta Maido da Hatsin Gudummawa

Zuwa ga Malam Aisami, mai amsa matsalolin jama'a a Gure, a shekarar mutuwar shanu

Allah ya gafarta Malam, ka taimake ni da shawara, kuma don Allah kada ka jinkirta, rai ne a ciki. Na sa an rubuta mini wannan ne saboda in na zo gabanka kuka zai hana ni magana.

Ka san abin da annobar nan ta yi wa shanu tun da ta ɓullo daga gabas. Hanyar Gidigir ba ta biyuwa don wari. Ga agana ta biyo baya ta hana fatake shigowa. Mu manoma Allah ya rufa mana asiri da ɗan hatsin bara, amma Fulanin da ke ruga bayan gari ko maraƙi ba su tsira da shi ba.

Shi ne mu matan unguwa muka ce kowace in za ta yi daka ta rage tafi ɗaya a tara. Ni aka ɗora a kan awo, don an san ba na tsoron bakin kowa. Da abin ya yi ƙarfi maza suka shigo. Manzo mai fataucin kanwa ya ba da rumbu guda, ya zuba hatsi mai yawa, ya kuma kawo maroƙinsa. Gaskiya maroƙin ya yi rana. Mutanen da ko ƙaiƙayi ba sa zuba wa kajinsu, da suka ji ana kiran sunan maƙwabcinsu a kasuwa sai ga su da dami a ka.

Ranar rabo ce abin ya lalace. Manzo ya ce a kai wa Fulani nasu har ruga, da kiɗa, maroƙi a gaba. Mutumin nan ya tsaya tsakiyar ruga ya wage baki, yana wasa Manzo, yana kiran masu gida ɗaya bayan ɗaya da sunansu, wai su fito su karɓi abin da masu hali suka ba su. Malam, ko mutum ɗaya bai leƙo ba. Muka ajiye ƙore a bakin bukkoki muka dawo. Kafin la'asar sai ga ƙoren nan an jera su a gindin rumbun Manzo, ko ƙwaya ba a taɓa ba.

A ciki har da na Nene. Ita ke kawo mini nono tun ina amarya, in juye in cika mata ƙwarya da hatsi, mu yi ta faɗa a kan awo mu rabu da dariya. Na koma wurinta ni kaɗai. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce lafiya lau suke, sun ma ci sun ƙoshi. Murhu kuwa sanyi ƙalau. Ƴarta Dija da aka yaye bana tana kwance, wuya kamar sillen kara, ko kukan kirki ba ta iyawa. Raina ya ɓaci, na ce mata girman kai zai kashe mata ƴa. Ta sunkuyar da kai, ta raka ni har bakin hanya. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu Manzo ya fusata, ya ce ran Juma'a za a raba rabon Fulanin ga mutanen gari. Wasu matan ma sun ce sun daina rage tafi. Shi kuma Bobbo, mijin Nene, ya fara ɗaure kaya, wai za su nufi Alakos inda ba wanda ya ji an kira sunansa. Me ke Alakos ban da ƙasusuwan shanu? Yarinyar nan ba za ta kai ba.

Tun da ni ke awo, zuciyata tana ce mini in riƙa ɗibar tiya ɗaya a ɓoye ina kai mata. To in ta sake maidowa fa? In kuma aka gane, gudummawar duka ta watse, kowa zai ce mai awo ɓarauniya ce. Ko in fito in yi wa Manzo tatas a gaban jama'a? Bakina ƙaiƙayi yake yi. Ina tsoro, Malam. Me zan yi?

Mai awo, daga Gure

Amsa

Baiwar Allah, na ji kukanki. Kada ki taɓa rumbun nan a ɓoye. Amanar mata ce da suka rage daga bakin ƴaƴansu, kuma ba gidan Nene kaɗai ke jiransa ba.

Kada kuma ki yi wa Manzo tatas. Ya buɗe rumbunsa lokacin da wasu ke binne nasu a rami. Kuskurensa shi ne ya ɗauka kiɗan da ke daɗaɗa wa mai bayarwa zai daɗaɗa wa mai karɓa. Su ma Fulanin ba raini suka yi ba. Mutumin da ko a gaban surukinsa ba ya cin abinci, an kira sunansa da ganga a gaban iyalinsa, bai ma gama kukan shanunsa ba. Sai dai kunya ba ta halatta a bar yarinya da yunwa ba, wannan kuwa ni zan faɗa wa Bobbo da bakina.

Ki sami Manzo a gidansa tare da wata dattijuwa. Ki fara da godiya. Sannan ki roƙe shi maroƙi ya tsaya a kasuwa ranar tara hatsi, kada a ƙara ganinsa ranar rabo. A yarda a fili cewa duk matar da ke da mai kawo mata nono ta kai rabon gidan mai nonon ɗakinta, ta riƙa auna mata a musayar nono kamar da.

Annobar ba ta cika taɓa awaki ba. In kina da akuya mai shayarwa, ki ja ta da kanki har ruga, ki ce wa Nene habbanaye kika kawo. Al'adarsu ce, a ba aboki aron dabba ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan ya maido uwar. A wurinsu wannan girmamawa ce, ba sadaka ba, kuma da wuya Bobbo ya yi nisa da dabbar amana. Dija za ta sami nono a ranar. Abin da ya rage, ko ludayi ɗaya ne, Nene ta kawo miki, ke kuma ki cika mata ƙwarya. Ciniki ne, ba mai jin kunyarsa. Ki ba ta haƙuri a kan maganar da kika faɗa, a taƙaice, ban da kuka.

Ban yi miki alkawarin yarinyar za ta tashi ba, wannan na Allah ne. Amma kada ki jira Juma'a, kada ki jira amsar Manzo. Akuya taki ce, ba sai kin nemi iznin kowa ba. Da an gama karanta miki wannan, ki tashi ki nemi igiya.

Allah ya tashi kafaɗun Dija, ya saka wa matan unguwarku da alheri, ya yaye mana wannan annoba.

Malam Aisami