Tabarmar da Na Kai Gyallesu

Tudun Wada, Zariya.

Yaya Isiyaku,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ciwon ƙafar nan ya yi sauƙi. Yaya Hajiya da yara?

Saƙonka ya iso, cewa in mayar da Juwairiyya ɗakinta, in kuma daina barin baƙi suna shiga maganar gida. Ba zan mayar da ita ba. Ɗanka Labaran ya mari 'yata, har yau ba ta ji da kunnen hagu. Na tsufa a aikin kotu, na san yadda ake binne irin wannan magana da "a yi haƙuri".

Ga yadda baƙin suka shigo. Uwarta Hajo ta ce yajin da ta yi shi ne daidai: mace ta tafi gidansu, namiji ya zo biko da sunkuyayyen kai. Immaculata, maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da atamfa, ta yi dariya. Wai mai laifi yana miƙe a katifa, wadda aka daka ce ke yawo da ƙullin kaya, wannan ne adalcin? A garinsu mata ke taruwa a ƙofar mutum su yi ta waƙe shi, har ya tuna mace ce ta haife shi. Hajo ta ce ai dole su yi waƙa, tunda ba su da ƙofar fita daga aure sai a makara. Har gaisuwa suka daina.

Juwairiyya ce ta raba gardamar. Ta ce duka biyun take so, yajin da kuma taron matan.

Jiya matan suka zauna a ƙofar shagon Labaran a Gyallesu. Su Immaculata suna waƙa suna buga taɓarya a ƙasa. Su Hajo sun ce waƙa a titi ba mutunci ba ne, sai suka jeru cikin hijabi, shiru, suna kallonsa kawai. Kallon nan ne ya hana shi ɗaga kai.

Kai da kake ɗan gida, ko kunnen ba ka zo ka duba ba. In kana neman wanda ya ba su izini, tabarmar da suka zauna a kai tawa ce, da kaina na kai. Gobe ma zan kai, har ranar da zai fito ya faɗi abin da ya yi da bakinsa.

A gaida Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙaninka,
Salmanu