Jikanki Yana Kan Layinsa

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki? A gaishe min da Yaya Babba da yaran gida.

Na ji saƙonki, wai jikanki ya rame a hoto, in turo shi da uwarsa ki yi kiwonsa. Ki kwantar da hankalinki. Duk wata ana auna nauyinsa da tsawonsa a asibiti. Ranar farko malamar ta ce yana kan ashirin cikin ɗari. Na miƙe na ce, "Ɗana ne zai ci ashirin? Ni da na kafa gareji da hannuna?" Ta yi dariya, ta ce ba jarrabawa ba ce. In an jera sa'anninsa ɗari, ya fi ashirin nauyi, kuma muddin yana bin layinsa na girma a katin awo, lafiyarsa ƙalau. Bai taɓa sauka ba kuwa. Ƙirar Baba ya ɗauko.

Aiki alhamdulillahi, sai ɗan ciwon baya. In na dawo a gajiye jikanki ya cafke gemuna, mantawa nake yi. Ki bar min mijin naki tukuna, Inna, shi ne hutuna a nan.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki