Yaya Bello, Wace Taya Zan Sa Wa Nura?

Assalamu alaikum Yaya Bello. Bayan gaisuwa da fatan kabarinka na cikin haske, na zo da wata tambaya da ban san wa zan kai wa ba.

Ɗanka Nura ya ciro kekenka na tsere daga bayan ɗaki. Ranar Asabar zai shiga gasa, ta hanyar Kalambaina, wadda ka faɗi a kanta. Ya girma, Yaya. Gemunsa ya fara tsirowa, kuma ya gaji taurin kanka kaf, bai rage wa kowa ba.

Ka san hanyar. Kwalta mai santsi daga gari, sai inda tirelolin siminti suka farfasa ta, sai burji da tsakuwa. Tayoyin da ka bari sun tsattsage, dole a saya sababbi, kuma ni ce mai saye.

Na yi abin da 'yan boko ke yi idan tsoro ya kama su: na yi karatu. Yanzu na san siririyar taya mai tauri tana tsalle a kan tsakuwa, mai faɗi kuma ta fi riƙe ƙasa, musamman idan an ɗan rage mata iska. Ina iya yin lacca a kai. Abin da ban iya ba shi ne in sa ɗanka ya saurare ni.

Na tuna yadda kake kai keken wurin mai faci a Sabon Gari da sanyin safe. Ya yi ta bugun famfo, kai kuma kana ɗalle tayar da yatsa kana kasa kunne. Kakan ce, “Sai ta yi amon kalangu aka barin ta.” Ni ina gefe ina dariya. Babu wanda ya tuna cewa ranar Sakkwato za ta fito ta gasa kwalta, iskar da ke ciki ta ƙara kumbura.

Har yau ban san abin da ya faru ba. Wasu abokanka sun ce tayar ce ta fashe ka faɗi, wasu sun ce tsakuwa ce ta kwashe ka. Da na san wanne ne, da na san abin da zan tsare.

Jiya na kawo masa masu faɗi. Ya juya su kamar wanda aka miƙa wa takalmin tsohuwa, ya ce, “Gwaggo, wagga ai tayar kai niƙa ce. Baba da siririya yay yi tsere.” Na ce ai na san da wadda ya yi tseren, ni na karɓo keken daga asibiti. Sai ya ce idan na matsa, zai ari keken wani abokinsa, wanda ban san birkinsa ba, ban san komai nasa ba.

To ka gani. In na ba shi siririya, da hannuna na ɗora shi a kan irin tayarka. In na hana, ya hau abin da ban taɓa dubawa ba.

Yayana, kai yake ji, ko da ba ka nan. Ni Gwaggo ce mai yawan karance-karance. Da za ka dawo na ɗan lokaci, ba zan tambaye ka yadda can take ba. Zan ja ka tsakar gida ne, ka ce masa ka yi kuskure. Daga bakinka kaɗai zai karɓa.

Na ajiye masu faɗin a ƙofar ɗakinsa. Bai ɗauka ba, bai kuma mayar mini ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya Allah, ka dawo mini da Nura da ƙafafunsa, ko da shi ne na ƙarshe.

Ƙanwarka,
Asma'u